Tolget ɗin hanyar Keffi zuwa Makurɗi: da wane mudu za mu auna kamfanin?

Tun ranar 4 ga Fabrairun 2025 da aka fara karɓar kuɗi a hanyar Keffi zuwa Akwanga zuwa Lafiya zuwa Makurɗi, gardamar da ake ta yi a tasha da rediyo ɗaya ce: naira 500 ta yi yawa ko ba ta yi ba. A can gefen masu kamfanonin hanya kuwa, nan da sauran ƙasashe, da zarar an ambaci kalmar ɗorewa sai a nuno mana hoton fitilun sola, da na manya sanye da hular kwano suna dasa bishiya a bakin titi. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne duka ɓangarorin biyu sun bar jaki suna dukan taiki.

Matsayina a fili yake. Ban ƙi a karɓi kuɗin ba. Amma kamfanin da aka miƙa wa hanya ana auna ɗorewar aikinsa ne da yadda yake fitar da ruwa daga jikin titi, da yadda yake hana lodin da ya wuce kima, da yawan ran da ke salwanta, da tsawon layi a shinge, da halin da zai maido mana da hanyar ranar da wa'adinsa ya cika. Kowanne daga cikin waɗannan yana da lamba, kuma haƙƙin mai biya ne a buga masa lambar ya gani.

Hanyar mai tsawon kilomita 227 an faɗaɗa ta ne da bashin dala miliyan 460.8 daga bankin Exim na China. An jinginar da ita na shekara 25 ga kamfanin China Harbour mai kula da gudanarwa da gyara, tare da Catamaran na Najeriya. Kuɗin da aka fara karɓa a 2025: ƙaramar mota naira 500, jif 800, ƙaramar bas 1,000, manyan motoci 1,600. Babur da keke napep ba sa biya. Ita ce ta farko a jerin hanyoyin tarayya da ake shirin jinginarwa, saboda haka mudun da aka auna ta da shi, da shi za a auna na baya.

"Ai mun riga mun biya haraji"

Wannan ƙorafi yana da tushe. Mutane ba su manta da tsofaffin tolget ba, waɗanda ake karɓar kuɗi a bakinsu alhali rami na jiran mota taku ɗari a gaba. A 2003 gwamnatin Obasanjo ta ba da umarnin a rushe su, kuma ba a samu masu yi musu kuka da yawa ba.

To amma me ya biyo baya? Gyaran hanya ya koma jiran kasafin kuɗi. Hukumar FERMA mai gyaran hanyoyin tarayya, wadda aka kafa a 2002, tana jiran a sakar mata abin da aka ware, shi kuwa ruwan sama ba ya jiran ma'aikatar kuɗi. Hukumar manyan hanyoyin Afirka ta Kudu ta taɓa ƙiyasta cewa gyaran da aka yi wa sakaci shekara uku kuɗinsa na ninkuwa sau shida, in ya kai shekara biyar kuma sau goma sha takwas. Direban da bai biya a shinge ba yana biya a garejin bakanike: taya, sifirin, gilashi, da awannin da ya ɓata.

Amfanin tolget guda ɗaya ne, kuɗi na shigowa kullum, damina da rani, kuma akwai wanda za a kama da suna idan hanya ta lalace. In aka cire wannan kamun, abin da ya rage haraji ne kawai a bakin titi, kuma masu ƙorafi sun yi gaskiya.

Ruwa

Ga yadda titin kwalta yake daga ƙasa zuwa sama. Ƙasar gindi da aka daɓe, sai burji kamar santimita 15 zuwa 20, sai dakakken dutse mai kaurin haka, sai kwalta hawa biyu, ta ƙasa wajen santimita 6, ta sama wajen 4. Wato baƙin abin da ido ke gani bai fi faɗin tafin hannu ba. Ƙarfin hanyar yana can ƙasa, kuma yana nan ne muddin ƙasan a bushe yake.

Shi ya sa ake karkata fuskar titi, kamar santimita biyu da rabi a kowace mita, don ruwa ya gangara gefe. Daga gefe ya faɗa lambatu, daga lambatu ya bi kwalbati ya bar hanyar. In ɗaya daga cikin ukun nan ya toshe, aikin sauran ya tashi a banza. Ciyawa da yashi su taru a kafaɗar titi har ta fi kwalta tudu, ruwa ya kwanta a bakin layi. Leda da ɓawon rake su cika lambatu a inda kasuwa take. Kwalbati ya cushe da laka, ruwa ya taru a gefe ɗaya yana jiƙa cikon ƙasa har ya zaftare.

Tsaga a kan kwalta tana farawa siririya kamar zare. Da ta kai faɗin milimita uku ya kamata a busa ta da iska, a ɗura mata narkakkiyar kwalta. Aiki ne na mutum huɗu da tukunya ɗaya. In aka bar ta damina ta same ta, ruwa zai shiga ya tausasa dutsen da ke ƙasa, kowace taya ta wuce ta matsa shi ya fito da ƙasa-ƙasa, tsagar ta yaɗu ta yi kamar bayan kada, sannan ta ɓurme. Ramin da ake gani a watan Satumba, a watan Maris aka yi sakacinsa.

Shi ma cike ramin akwai na gaskiya akwai na ganin ido. Na gaskiya, a yanke gefensa da injin ya zama mai kusurwa huɗu, a kwashe duk abin da ya ruɓe har a tarar da ƙasa mai ƙarfi, a share, a shafa ruwan kwalta don ya kama, a zuba kwalta da zafinta wajen digiri 140, a daɓe da rola hawa-hawa. Na ganin ido, a juye kwalta mai sanyi a rami mai ruwa, a bar tayoyin mutane su daɓe. Wannan ba ya kai wata uku.

Saboda haka tambayar farko ga kamfani: kwalbati nawa ne tsakanin Keffi da Makurɗi, nawa aka yashe kafin ruwan farko, kuma kwana nawa rami ke yi daga ranar da aka gan shi zuwa ranar da aka rufe shi? A yarjejeniyoyin kirki ana rubuta wa'adin da awanni, 24 ko 48 ko 72, tare da tarar da ke hawa kan kamfani in ya wuce.

Akwai kuma ma'aunin gargadar hanya da Bankin Duniya ya fito da shi a shekarun 1980, ana kiransa IRI. Mota ce mai na'ura take bin titi tana lissafa jijjiga a kowace kilomita. Sabuwar kwalta mai kyau tana ba da wajen 2. In ta haura 4, fasinja ma ya san an shiga gargada. A auna sau ɗaya a shekara, a buga sakamakon kilomita-kilomita. Wannan lamba ɗaya ta fi shafi hamsin na hotuna faɗin gaskiya, kuma hanya mai laushi tana rage wa kowace mota shan mai.

Lodi, inda lissafin yake da ban tsoro

Tsakanin 1958 da 1960 injiniyoyi a Amurka suka gina hanyoyin gwaji, suka yi ta zagaya su da motoci masu nauyi daban-daban har suka farfashe. Abin da suka gano shi ake aiki da shi har yau. Ɓarnar da mota ke yi wa titi tana bin nauyin da ke kan kowane aksul, wato sandar da ta haɗa tayoyin hagu da na dama, kuma tana hawa ne da ninki huɗu a jere. In nauyi ya ninka sau biyu, ɓarna ta ninka biyu sau biyu sau biyu sau biyu, sha shida ke nan.

A sa lamba a gani. Aksul mai tan 10 yana cin titi kamar aksul mai tan ɗaya guda 10,000. Ƙa'idar ECOWAS ta tsayar da tan 11.5 a kan aksul guda. Wanda ya ɗora tan 16 ya yi ɓarnar kusan mota huɗu masu bin doka. Wanda ya kai tan 20 ya yi ta tara. Hanyar da aka tsara ta yi shekara ashirin tana iya ƙarewa a bakwai ba tare da yawan motoci ya ƙaru ko da ɗaya ba.

Yanzu a dubi farashi. Tirela tana biyan 1,600, ƙaramar mota 500, bambancin sau uku da ɗan ɗoriya. Ba ina cewa a caji tirela gwargwadon ɓarnarta ba, don da an yi haka doya da siminti ba za su sayu ba. Abin da nake cewa shi ne tunda kuɗin shinge ba ya bambance mai lodin ƙa'ida da mai lodin ganganci, dole sikeli ya bambance su. Kamfanin da ke karɓar kuɗi ba ya auna nauyi, yana sayar da shekarun hanyar ne da araha, mai ƙaramar mota kuma shi ke cike giɓin.

Za a ce sikeli wata sabuwar ƙofar cin hanci ce. Tsoron yana kan hanya, don an ga yadda shingaye da dama suka koma wurin miƙa hannu. Maganinsa a tsarin aikin yake. Akwai sikelin da ake binnewa a cikin kwalta, yana auna mota tana tafe, kyamara ta ɗauki lambarta, bayanin ya wuce kwamfuta kafin wani ma'aikaci ya sa baki. Wadda ya nuna ta wuce kima ita kaɗai ake karkatarwa zuwa sikelin tsaye don a tabbatar. Sannan tara kaɗai ba ta isa ba, domin mai kaya zai lissafa ta cikin kuɗin mota ya ci gaba. Sai an sauke rarar kayan a fili mai shinge da mai gadi, an kira wata mota ta kwasa. Ranar da masu lodi a Lafiya da Makurɗi suka tabbatar ana saukewa, daga wurin lodin za su gyara.

Direba ma yana da riba a nan, ko da ba ya gani da wuri. Lodin da ya wuce kima shi ke cinye birki a gangare, shi ke fasa taya da tsakar rana. Galibi kuma ba shi ya zaɓi lodin ba, mai kaya ne.

"To sola da bishiyar laifi ne?"

Ko kusa. Shingen da ke aiki da farantan sola ya huta da janareta, kuma kowace litar man dizal da ba a ƙona ba ta hana kilo 2.7 na hayaƙin da ke ɗumama duniya fita. Bishiya tana riƙe ƙasar gangare. Matsalar ita ce girman abin idan aka ajiye shi kusa da sauran.

A ƙaddara shinge yana da janareta mai ƙarfin kVA 30. Yana shan lita biyar zuwa shida a awa, ƙasa da lita 150 a yini da kwana. A ƙaddara kuma mota 10,000 ke wucewa a rana, kowacce ta yi minti biyar a layi injin na kunne. Awa 833 ke nan. Ƙaramar mota a tsaye tana shan abin da ya kusa lita ɗaya a awa, babbar mota wajen lita uku. Ko da lita ɗaya aka yi lissafi, an ƙona sama da lita 800 a layi. Wato kamfani na iya kashe janaretansa ya karɓi lambar yabo, alhali layin da ya haddasa yana ƙona ninki biyar na abin da ya tsimi, kuma daga aljihun direbobi.

Layin da ake biya hannu da hannu, da neman canji ko jiran na'urar kati ta samu sabis, ba ya wuce mota 300 zuwa 400 a awa. Layin da ke karanta ɗan tambarin da aka manna a gilashi yana ɗaukar sama da dubu. A 2021 hukumar manyan hanyoyin Indiya ta sa doka cewa kada mota ta wuce daƙiƙa goma a wurin biya, aka ja layin rawaya a mita 100, in jerin motoci ya wuce shi a ɗaga sanda su wuce kyauta. Daga baya an janye dokar, amma dabarar tana da kyau, don ta ɗora asarar jinkiri a kan wanda ke da ikon gyara shi. Ina so in ga irinta a rubuce a shingayenmu, musamman a makon Sallah da na Kirsimeti.

Su ma fitilun sola a ƙirga su bayan shekara uku. Ƙurar hunturu tana rufe faranti in ba a wankewa, batir na mutuwa, ɓarayi na kwancewa. Adadin da aka kafa labarin ranar buki ne. Adadin da ke ci da daddare shi ne aikin kamfani. Bishiya ma haka: nawa suka rayu bayan rani biyu da awaki?

Akwai wasu abubuwa biyu na muhalli da ba su da kyan hoto. Na ɗaya, tsohuwar kwaltar da aka kankare in za a sabunta fuska: ana iya niƙa ta a mayar da kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari a sabon haɗi, a rage fasa dutse da sayen kwalta daga waje. Na biyu, ramukan da aka ɗebi burji. Duk wanda ya san ƙauyukan bakin sabuwar hanya ya san su, kududdufai masu gaɓa a tsaye da ke cika da damina, sauro ya samu gida, yara su je wanka. A rage musu tsayin gaɓa, a cike na cikewa, wanda jama'a ke so a bar musu don shayar da dabbobi a gyara masa mashiga.

Rai

Hanya mai kyau tana ƙara gudu, gudu kuma yana ƙara munin haɗari. Gangaren Nasarawa Eggon da direbobi suka laƙaba wa Many Have Gone, wato da yawa sun tafi, bai samu sunan a banza ba. Faɗaɗa hanya ya rage karon gaba da gaba, amma ya kawo wani haɗarin: tsohuwa da tallan lemo a ka yanzu layi huɗu za ta tsallaka, motoci na gudun kilomita ɗari.

Abin tambaya a nan, mutum nawa suka mutu a kowane yanki na hanyar a shekara, nawa daga cikinsu masu tafiya a ƙasa ne, kuma a wace kilomita? Minti nawa motar asibiti ke yi kafin ta iso? Janwe nawa ke akwai mai iya jan tirela mai lodi, kuma awa nawa lalatacciyar mota ke kwana a kan layi da ganye a bayanta maimakon alama? Ƙarfen kariya da mota ta buge, kwana nawa kafin a sauya shi?

Gadar masu tafiya a ƙasa in an gina ta nesa da inda mutane ke tsallakawa, ba mai hawa. A kasuwar doya irin ta Agyaragu abin da ake buƙata fili ne a gefe inda mota za ta fita daga layi ta tsaya a yi ciniki. Inda burtali ya ratsa hanya, a san da shi, a yi wa shanu mashiga ta ƙasa ko a sa alama da fitila. Kamfanin da ya mayar da mutanen gefen hanya abokan gaba ba zai daɗe yana karɓar kuɗi lafiya ba. A Lekki ta Legas an fara karɓa a Disambar 2011 cikin zanga-zangar mazauna yankin, ba a jima ba gwamnatin jihar ta saye kamfanin, jinginar shekara 30 ba ta yi ko rabi a hannun 'yan kasuwa ba.

"Hanyar sabuwa ce, gaggawar me ake?"

Ranar 14 ga Agustan 2018 gadar Morandi ta birnin Jenowa a Italiya ta rufta ana ruwan sama, mutum 43 suka mutu. A lokacin tana hannun Autostrade per l'Italia, kamfanin da ke karɓar kuɗi a kusan rabin manyan hanyoyin ƙasar da ake biya, kuma uwar kamfanin tana fitar da rahoton ɗorewa duk shekara. Bincike ya nuna wayoyin ƙarfen da ke cikin kankare sun daɗe suna tsatsa. Abin da ya kashe mutane yana wurin da kyamarar mai ɗaukar hoton rahoto ba ta kaiwa.

Sabuwar hanya tana rufa wa mai sakaci asiri shekara biyar ko shida. A lokacin ne ya kamata a riƙa ware wani kaso na kuɗin shinge a asusu na musamman, domin fuskar kwalta tana neman sabuntawa bayan shekara bakwai zuwa goma, kuma kuɗin yana zuwa ne a dunƙule. A shekara 25 za a yi wannan aƙalla sau biyu. In ba a tara ba, ranar da lokacin ya zo za a ce mana sai an ƙara farashi.

Wuri mafi haɗari shi ne ƙarshen wa'adi. Kamfanin da ya san saura shekara uku ya tafi ba shi da dalilin kashe biliyoyi a hanyar da wani zai gada, sai in takarda ta ɗaure shi. Yarjejeniya mai kyau tana faɗin lambar gargadar da za a miƙa hanya da ita da shekarun da suka rage mata, tana sa injiniya mai zaman kansa ya duba ta shekara uku zuwa biyar kafin ƙarshe, tana riƙe wani kuɗi har sai an gyara abin da ya gano. Waɗannan sharuɗɗa yanzu ake neman ganinsu, tun waɗanda suka sa hannu suna kan kujerunsu.

"Kamfani ne mai zaman kansa, lissafinsa sirrinsa ne"

Hanyar ta jama'a ce, bashin da aka gina ta da shi yana wuyan jama'a. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ba ta tsaya kan ma'aikatun gwamnati ba, ta haɗa da kamfanoni masu zaman kansu da ke amfani da dukiyar jama'a ko suke yi wa jama'a aikin gwamnati, kuma ta ba da kwana bakwai a amsa. Hukumar ICRC, mai sa ido a kan irin wannan jingina, aikinta ne ta tabbatar ana cika sharuɗɗa. Ƙungiyar direbobi ta NURTW, da ta masu motocin haya ta NARTO, da 'yan jaridar Lafiya da Makurɗi, kowannensu na iya rubuta takarda shafi ɗaya ya nema.

Abin da za a nema ba shi da yawa, kuma duk kamfanin da ke aikinsa yana da shi a kwamfuta: motocin da suka wuce kowane wata da kuɗin da aka tara, nawa ya tafi biyan bashi nawa ya tafi gyara, sakamakon awon gargada, adadin motocin da sikeli ya kama, haɗurra da wuraren da suka auku, da matsakaicin mintin jira. A manna shi a allo a shingen Garaku da sauran shingayen duk wata uku, da Hausa da Turanci da Tibi da Eggon, a daidai tagar da direba ke tsayawa ya biya.